Neman kalma: hoton azurfa da hoton lissafi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harshe da masu sana'ar hoto a kan kalmomi biyu da suka gagare mu, mu ƴan tsirarun da ke ɗaukar hoto don sha'awa a nan Maradi. Hanyoyin kama hoto biyu ne, wadda ake amfani da fim a wanke shi a cikin duhu, da wadda kyamarorin yanzu da wayoyin hannu suke bi, kuma har yau babu ɗaya daga cikinsu da ke da sunan Hausa da kowa ya yarda da shi. Wanda ya yi boko a Nijar yana cewa arjantik da nimerik, wanda ya yi a Katsina ko Kano yana cewa analog da dijital, sauran jama'a kuwa suna cewa hoton da da hoton zamani. Ke nan tsakanin Ɗan Isa ta Nijar da Jibiya ta Najeriya abu ɗaya yana sake suna, alhali masu maganar duka Hausawa ne.

"Hoton zamani" bai gamsar da ni ba, domin zamani ba ya tsayawa. A 1888, lokacin da kamfanin Kodak ya fito da kyamarar da ake saya da fim na hoto 100 a cikinta, ita ce ta zamani, kuma abin da muke kira na zamani yau jikokinmu za su kira shi na da. "Hoton da" kuwa yana nuna abin ya mutu, alhali bai mutu ba: kamfanin Ilford na Ingila yana nan yana yin fim na fari da baƙi, Kodak ya dawo da fim ɗinsa mai launi Ektachrome a 2018 bayan ya daina yin sa, kuma a 2024 Pentax ya fitar da sabuwar kyamarar fim. "Hoton fim" shi ma yana da matsala, saboda duk Bahaushen da ka faɗa wa haka, hankalinsa zai tafi ga hotunan ƴan wasan kwaikwayo da ake mannawa a shaguna.

Shawarata ita ce mu raɗa wa kowanne suna daga abin da yake kama hoton. Fim leda ce siririya da aka shafa wa wani ƙullu mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan haske ya taɓa ƙwayoyin nan sai ya bar musu alamar da ido ba ya gani, kuma sai an tsoma ledar a ruwan magani ne wuraren da hasken ya taɓa suke rikiɗewa su zama baƙar azurfa. Saboda haka nake ganin a kira shi hoton azurfa. Faransawa ma daga azurfa suka samo tasu kalmar ta arjantik, amma ba don su na zaɓe ta ba, na zaɓe ta ne don azurfar tana cikin fim ɗin da gaske.

Ɗayan kuma, a bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti mai miliyoyin ɗigogi, kowane ɗigo yana auna hasken da ya sauka a kansa, na'ura ta mayar da awon zuwa alƙaluma ta adana. Kyamara ta farko irin wannan, wadda injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, ɗigo 10,000 kawai take da su, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Wannan nake so a kira hoton lissafi. Ina sauraron gyara.

Wani dattijo, tsohon mai shagon hoto a kusa da babbar kasuwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da wannan sana'a. Sai dai kafin a ƙirƙiro sabo, ya kamata a tambayi abin da ke hannu. Mu da muka yi aikin, ledar da aka wanke muna ce mata kilishe, kalmar Faransanci, idan muna magana da ƴan boko, amma da mutanen gari dodon hoto muke cewa, domin a cikinta komai a juye yake: baƙar fuska ta fito fara, fararen haƙora su fito baƙaƙe, farin rawani ya koma baƙi ƙirin, har yaro ya gani ya tsorata. Aikin kuma wanki ne, ba mu taɓa sanin wani suna ba. Duk wanda ya zo karɓar hotonsa na sallah ko na katin shaida, tambayarsa ɗaya ce, an wanke ko ba a wanke ba. Tunda haka ne, me zai hana a ce hoto mai dodo da hoto marar dodo? Kowace tsohuwa a unguwar Mokoyo ko Bagalam za ta gane ba tare da an yi mata bayani ba.

Mai tambaya:

Baba, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Dodon hoto kalma ce da ba ta da na biyu, kuma ina ganin an gama magana a kanta: ita ce sunan ledar da aka wanke, kada wanda ya taɓa ta. Ta ma fi kalmomin Turawa faɗin abin da ido yake gani. Darajar dodon kuwa ba ƙarama ba ce. Tun da Talbot na Ingila ya yi rajistar dabararsa a 1841, abin da ya sa daga baya hanyar dodo ta rinjayi ta Daguerre ɗan Faransa, wadda aka bayyana a 1839, shi ne daga dodo ɗaya ana iya fitar da hoto ko nawa ake so, alhali ta Daguerre hoto ɗaya tak take bayarwa a kan farantin ƙarfe. Haka kuma hotunan da Seydou Keïta da Malick Sidibé suka ɗauka a Bamako, duniya ta san su ne bayan shekaru masu yawa saboda sun adana dodanninsu, aka sake wanke hotunan a manyan takardu.

Inda nake da ja, Baba, shi ne a mayar da dodo sunan hanyar gaba ɗaya. Akwai fim ɗin da idan an wanke shi hoton yana fitowa daidai da launinsa a jikin ledar, a haska shi a bango, kamar Ektachrome da na ambata, kuma wannan ba shi da dodo. Akwai kuma Polaroid, wanda takardar take fitowa daga kyamara hoton ya bayyana a hannunka, ba a ba ka wani dodo ka ajiye ba. Idan muka ce "marar dodo", waɗannan biyun za su faɗa rukuni ɗaya da hoton waya, alhali su da azurfa suke aiki.

Wata malamar kimiyya a makarantar sakandare:

Malam, ina da tambaya a kan azurfar kanta. A hoton fari da baƙi maganarka daidai ce, baƙin da ake gani a dodon da a takardar, duk azurfa ce. Amma a fim mai launi, yayin wanki ana narkar da azurfar duka a fitar da ita, abin da ya rage a ledar rini ne kawai hawa uku. To, yaya za mu kira abu hoton azurfa alhali babu azurfa a jikinsa? Ina tsoron ɗalibi ya riƙe kalmar ya fahimci abin a karkace.

Mai tambaya:

Malama, wannan gyara ne mai nauyi, kuma abin da kika faɗa game da wankin fim mai launi haka yake. Amsata ita ce sunan yana nuni ga abin da ya kama hasken, ba ga abin da ya saura ba. A fim mai launi ma gishirin azurfa ne yake karɓar haske a kowane hawa, kuma rinin ba ya samuwa sai a daidai wurin da azurfar ta rikiɗe. Bayan ta gama aikinta ne ake wanke ta. Kamar tukunyar ƙasa ce da muke ce wa gasasshiya ko da ta huce, domin wutar ce ta mayar da ita abin da take. Ina ma ganin tambayarki za ta zama ƙofar darasi mai kyau, idan ɗalibi ya tambayi inda azurfar ta tafi.

Wani matashi mai ɗaukar hoton biki, daga Katsina:

Yaya, ni a ganina dijital ta riga ta zauna. Gidajen rediyo suna faɗin ta, ƴan kasuwar waya suna faɗin ta, kuma ba mu ƙi kwamfuta da intanet ba, don me za mu ƙi wannan? In kuma dole sai an fassara, ai hoton lamba ya fi kusa da asalin kalmar.

Mai tambaya:

Ƙanena, ban ce a kori dijital ba. Hausa ta daɗe tana aro, ita kalmar hoto ma ararriya ce, kuma wanda ya ce dijital bai yi laifi ba. Damuwata biyu ce. Ta farko, a wannan gefen iyaka ba ta zauna kamar yadda ta zauna a wajenku ba, nimerik ce a bakin ma'aikata da ɗalibai, kuma ba na so mu wayi gari Bamaraɗe da Bakatsine suna buƙatar tafinta a kan abin da ke aljihun kowannensu. Ta biyu, dijital ba ta gaya wa Bahaushe komai game da abin, sai dai ya haddace ta.

Hoton lamba kuwa na yi tunaninsa na bar shi, domin mai ji zai ɗauka hoton lambar mota ne ko lambar waya. Kuma lissafi ya fi faɗin gaskiyar aikin. A yawancin kyamarori kowane ɗigo launi ɗaya kaɗai yake gani, saboda an rufe ɗigogin da matatar launi bisa tsarin da Bryce Bayer ya yi wa rajista a 1976: rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi. Sauran launuka biyun da ɗigon bai gani ba, na'ura ce take ƙiyasta su daga maƙwabtansa. Ke nan kashi biyu cikin uku na launin da kake gani a hoton amarya lissafa shi aka yi, ba auna shi aka yi ba. Wayoyin yanzu ma sun wuce nan, sukan ɗauki hotuna da yawa a ƙiftawar ido su haɗa su su ba ka ɗaya. Ban faɗi wannan don rage darajarsa ba. Ni kaina da shi nake ɗaukar hawan sallah, domin doki a guje ba ya jiran mai hoto 36 a kyamara ya sake fim, kuma a garin da ba a samun fim da ruwan magani cikin sauƙi, hoton lissafi ne ya buɗe wa yara da yawa ƙofar wannan sha'awa. Abin da nake nema kawai shi ne sunan ya faɗi yadda abin yake.

Malamar kimiyya:

Na karɓi azurfa da lissafi, Malam. Saura wurin aikin. Ɗalibaina labo suke cewa, wato ɗakin gwaji, amma labo ya haɗa da na asibiti da na makaranta.

Mai tambaya:

A nan ina ganin ɗakin duhu ya isa, Malama, kuma yana da tsohon asali, domin masanin kimiyya Ibnul Haisam, wanda ya yi zamani a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda ya zana surar abin da ke waje a juye. Abin da ban yanke ba shi ne wanki. Yau mutum yakan miƙa waya a shago ya ce a wanke masa hoto, alhali injin tawada zai fesa a takarda, babu ruwan da ya taɓa ta. Ina so Baba ya raba mana wannan gardama.

Dattijon:

To, ɗana, azurfarka ta shiga kunnena, ko da yake bakina ya saba da mai dodo kuma ba na jin zai sake a wannan shekaru. Ɗakin duhu daidai ne, amma ku rubuta wa yara cewa duhun iri biyu ne. Jar fitilar da suke gani, ta takardar fari da baƙi ce kawai. Shi fim ba ya yarda da kowane haske, da lalube ake naɗa shi a cikin gwangwaninsa. Tasa uku muke jerawa: ruwan fitarwa, wanda hoton ke bayyana a cikinsa, ruwan tsayarwa, sai ruwan kamawa, wanda ke cinye gishirin da haske bai taɓa ba don kada hoton ya baƙanta idan an kunna fitila. Bayan nan a ɗauraye da ruwa mai yawa, in ba haka ba bayan ƴan shekaru hoton ya yi ja ya ɓaci. Wahalarmu a garin nan zafi ne da ƙura. Ruwan fari da baƙi digiri 20 yake so, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ruwan famfo da ɗuminsa yake zuwa, sai da ƙanƙara, ko mutum ya bari sai da asuba. Na launi digiri 38 yake so, amma ba ya yafe kuskure ko kaɗan. Da hunturu kuma, idan ka shanya dodo ƙura ta hau shi yana ɗanye, ta zauna ke nan, kowane hoto da za ka fitar da fararen ɗigogi zai fito.

Game da tambayarka, ku bar wanki ga duk abin da ya shiga ruwan magani, ku ce bugu ga abin da injin tawada ya fitar. Amma ku lura, akwai manyan injunan da ke karɓar hoto daga waya ko kati su haska shi a kan takarda mai gishirin azurfa, sannan takardar ta bi ta cikin ruwan magani a cikin injin. Wannan hoton lissafi ne a ɗauka, amma wanke shi aka yi, kuma wanda ya ce a wanke masa bai yi kuskure ba. Idan kuka je shago kuna son sanin wanne za a yi muku, ku tambayi mai injin ko tawada yake zubawa ko ruwan magani.