An sallame mu daga asibiti, amma firgicin korona bai sake mu ba

Maman Sadik, Kano:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa kwanciya da korona su faɗa mana yadda suke yanzu. Maigidana ya kamu a azumin 2020, lokacin da aka kulle Kano ana ta kai gawarwaki makabarta. An sa masa iskar oksijin, Allah ya tashi kafaɗunsa. Sai dai har yau in ya ji jiniyar motar asibiti gumi yake karyo masa. Cikin dare yakan farka a razane yana riƙe maƙogwaro, wai numfashinsa ya tsaya. Danginsa sun ce sammu ne.

Baban Ummi, Zariya:
Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne dattijon da ke gadon kusa da nawa a wurin killacewa. Da daddare muka yi hira, da asuba aka lulluɓe shi. Ban iya wucewa ta titin wurin nan, sai na zagaya, ko da fasinja zai yi ƙorafi. Ban taɓa faɗa wa iyalina ba, sai yau da na rubuta a nan.

Anti Nas, Kaduna:
Maman Sadik, abin da kika bayyana yana da suna a asibiti: ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali, PTSD. Na yi aiki a ɗakin masu korona, na kamu ni ma, kuma na daɗe ina mafarkin ƙarar na'urori. A wani asibiti a birnin Rum na Italiya an duba mutum 381 da suka warke, aka buga sakamakon a 2021: kusan kashi 30 cikin 100 suna da wannan ciwon.

Abin a ƙwaƙwalwa yake. Akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, shi ke faɗakar da jiki in haɗari ya zo. Ga mai wannan ciwon, sashen ya zama kamar maigadin da ɓarayi suka taɓa shammata, ko kyanwa ce ta gifta sai ya yi kururuwa. Sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi, wanda ya kamata ya kwantar da shi, ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa "ka daure, ai ka warke" ba ta yi wa mutum komai. Ni kam wannan kalmar tana ƙona mini rai, domin daga bakin masoya take fitowa, kuma ita ke sa mara lafiya ya yi shiru.

Malama H., Katsina:
Nawa daban ne. Ban kwanta asibiti ba, zazzaɓi ne da rashin jin ƙamshi. Na yi watanni ban san ƙamshin daddawa ba. Daga baya mantuwa ta shigo: ina tsaka da darasi kalmar da nake nema ta ɓace, sunan ɗalibar da na sani sarai ya gagare ni. Anti, wannan ma firgicin ne?

Anti Nas, Kaduna:
Ba lallai ba, Malama. Masana a jami'ar Oksfod sun kwatanta hotunan ƙwaƙwalwar mutum 785 a Ingila, 401 daga cikinsu sun kamu tsakanin hoton farko da na biyu, aka wallafa a mujallar Nature a 2022. Yawancinsu ba su kwanta asibiti ba, amma an ga 'yar raguwa, kashi 0.2 zuwa 2 cikin 100, a girman sassan ƙwaƙwalwar da ke da alaƙa da jin ƙamshi da tunawa ga waɗanda suka kamu. 'Yan shekara 51 zuwa 81 aka duba. Ki je a auna jininki da hawan jini, a tambayi barcinki, don su ma suna kawo mantuwa.

Ɗan Maraɗi:
Ni an yi mini ruƙya, na ji daɗinta, kuma ban bar azkar ba. Amma barci bai dawo ba sai da ƙanena ya ja ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Da farko na ƙi, na ce ni ba mahaukaci ba ne. Likitan ya zaunar da ni mako-mako, yana sa ni in ba da labarin daren da numfashina ya sarƙe, kaɗan-kaɗan, har na iya faɗinsa ba tare da jikina ya ɗau rawa ba. Baban Ummi, ku da ke Zariya asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna bai yi muku nisa ba. In za ka je, ka tafi da uwargida, ta ji daga bakin likita.