Neman kalmar Hausa: me za mu kira "origami" a darasin ƙananan yara?

Malamar Nazare, Zariya:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina rubuta ɗan littafin jagora domin malaman da ke koyar da yara 'yan shekara huɗu zuwa shida, kuma dole in miƙa shi ga maɗaba'a ranar Alhamis, saboda za a raba shi a bitar ranar Asabar. Babi na uku ya ƙunshi kayan wasan da yaro zai yi da hannunsa daga fallen takarda guda: kwalekwale, jirgin sama, kwaɗon da ke tsalle idan an danna bayansa, da wani abu mai aljihu huɗu da ake zura yatsu a ciki ana buɗewa ana rufewa. Duk littattafan da na duba "origami" suke kiran wannan aiki, ni kuwa ba na son in sa wa babin sunan da malama za ta karanta ba ta san inda ya dosa ba. Ina neman suna ga aikin kansa, sannan ina neman sunan lanƙwasa iri biyu da kowane zane yake farawa da su, wadda takardar ke lotsawa ciki da wadda take tasowa sama.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam, Malama. Kalmar Japananci ce, an haɗa "oru", wato ninkewa, da "kami", wato takarda, don haka "ninkin takarda" ya ɗauko ma'anar gaba ɗayanta. A nan Nijar malaman da suka yi karatu da Faransanci "pliage" suke cewa, mutanen Sifen kuma suna da tasu kalmar, "papiroflexia". Ba mu ne farkon waɗanda za su kira abin da harshensu ba.

Uwar Biyu:
Ni da "naɗin takarda" na taso, domin haka muke cewa idan an naɗe laya kafin a kai wa baduku ya rufe ta da fata.

Tsohon Malami:
'Yata, naɗi ba zai yi ba. Ana naɗa rawani, ana naɗe tabarma, ana naɗa gammo, kuma duk ciki zagaye ake yi, babu inda kari yake fitowa. Abin da Malama take koyarwa kuwa kari ne ginshiƙinsa, irin karin guga, wanda ake murzawa da farce har ya tsaya. Saboda haka ninki ne, amma "ninkin takarda" bayani ne kawai, bai kai suna ba. Shawarata ita ce a ce "ninkau", kalma ɗaya mai sauƙi a bakin yaro. Kuma ina roƙon kada "origami" ta fito a littafin ko sau ɗaya, domin duk kalmar da aka bari ta leƙo ta taga, gobe ita ce mai gida.

Ɗalibar Harshe, Kano:
Allah ya gafarta Malam, ina tare da ku a kan naɗi, amma "ninkau" tana da matsala. Wannan siga ta riga ta sami aikinta a Hausa: dakau daka ne da ake yi don a biya, wankau wanki ne na kuɗi. Wanda ya ji "ninkau" zai ɗauka aikin mai guga ne da ke ninke kayan mutane a ba shi lada. Sigar da ta dace da darasin aji ita ce ta zane-zane, gine-gine da ɗinke-ɗinke, wadda ke nuna abu iri-iri da ake yi a kai a kai. Ina ba da shawarar "ninke-ninken takarda".

Mai Makaranta:
Ina da makarantar kuɗi, kuma zan faɗi abin da nake gani kullum. Idan na rubuta "origami" a jadawalin darussa, iyaye suna ganin ana koya wa 'ya'yansu wani abu mai daraja. Idan na rubuta "ninke-ninken takarda", uba zai zo ya tambaye ni ko don yaga littafi yake biyan kuɗin makaranta. A bar kalmar yadda duniya ta san ta, tunda ba ta da wuyar faɗa a bakin Bahaushe.

Tsohon Malami:
Wannan ita ce cutar da nake magana a kai, Alhaji. Mun yi motar kara, mun gina shanun laka, 'yan mata sun yi 'yar tsana, kuma babu wanda ya ce sai an sa musu sunan wata ƙasa kafin su zama ilimi. Uban da yake raina abu don an kira shi da harshen uwarsa, shi ne yake bukatar darasin kafin ɗansa. Game da dakau da wankau kuwa, kalma tana iya ɗaukar sabon kaya idan masu harshen sun ɗora mata, kuma ban janye "ninkau" ba.

Ɗan Maraɗi:
Baba, da girmamawa, ita kanta "takarda" baƙuwa ce da ta shigo mana ta bakin Abzinawa, "almakashi" kuma daga Larabci take, amma yau babu mai yi musu kallon baƙi. Aro ba laifi ba ne idan babu abin da zai maye gurbi, sai dai a nan muna da shi. Wani abin kuma, akwai wuraren da "linki" da "linke" ake cewa, kuma ina ganin duk lokacin da aka zo tsayar da kalma, bakin Kano kaɗai ake saurare.

Ɗalibar Harshe, Kano:
Malam, ba raina wani karin harshe ba ne. Littafin makaranta da daidaitacciyar Hausa ake rubuta shi domin yaron Sakkwato da na Damagaram su karanta abu ɗaya. Malama tana iya faɗar "linki" a aji idan haka yaranta suke cewa.

Malamar Nazare, Zariya:
Don Allah mu dawo kan babin, kwana biyu suka rage mini. Akwai dalilin da ya sa ban natsu da "origami" ita kaɗai ba. Ninke takarda a ajin ƙananan yara ba daga Japan kaɗai ya zo ba, domin Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya kafa tsarin makarantar ƙananan yara da ake kira lambun yara a 1840, ya sa shi cikin ayyukan da yara ke yi da hannu. Abin da nake so yaro ya samu shi ne ya ga murabba'i ya koma alwatika a hannunsa, ya gane rabi da kwata tun kafin ya san lamba, ya koyi haɗa kusurwa da kusurwa cikin haƙuri, sannan ya tashi da abin da zai busa ko ya sa a ruwa. Ba gaurakar takarda mai matakai masu yawa nake koyarwa ba. Har yanzu kuma babu wanda ya taɓa lanƙwasa biyun nan.

Ɗan Maraɗi:
Alamomin da ake zana su da su a littattafai sun samo asali daga aikin Akira Yoshizawa, gwanin Japan da ya rasu a 2005, kuma harsuna da yawa suna kiran su da kwari da tsauni. Sai mu ce "ninkin kwari" da "ninkin tudu".

Uwar Biyu:
Na gwada da tagwayena da yammacin nan, shekarunsu biyar. "Tudu" sun gane nan take, amma "kwari" sai suka fara neman ƙwari a ƙasa. Da na ce su rufe ta kamar littafi, ba su sake tambaya ba. Shi kuma abin nan mai aljihu huɗu, ina roƙon kada a fassara sunansa na Turanci, domin duba yake nufi, kuma babu uwar da za ta so a ce an koya wa ɗanta duba a makaranta. Yarana "buɗe-rufe" suka kira shi da kansu, muka rubuta lambobi da launuka a ciki.

Malamar Nazare, Zariya:
Na gode ƙwarai. Babin zai ɗauki sunan "Ninke-ninken Takarda", kuma a layin farko zan ambaci cewa Japanawa "origami" suke kiransa, sau ɗaya, domin malamar da za ta nemi ƙarin zane a intanet ta san abin da za ta rubuta. Zan sa "ninkin littafi" da "ninkin tudu", layin da ninki ya bari kuma "kari", kamar yadda Baba ya koya mana. "Buɗe-rufe" zan gwada shi a bitar in ji bakin malamai.

Mai Makaranta:
Ba ni da ja a kan littafin, amma a jadawalina "origami" za ta zauna.

Tsohon Malami:
Sunan ya yi tsawo, kuma littafi da tudu ba abokan tafiya ba ne, da kwari aka san tudu. Amma tunda kin ɗauki "kari", kuma baƙuwar ba ta hau kanun babin ba, ki kai wa maɗaba'a, Allah ya sa albarka. A bugu na biyu ina so a sake duba "ninkau".