Wane ruwan narkarwa ya dace da garin silika a aikin DNP?

Ɗalibi daga Jidda: Assalamu alaikum malamai. Ina nazarin wani garin silika da aka ɗaura wa sinadarai marasa son ruwa a samansa, da na'urar NMR (mai gano tsarin sinadarai ta hanyar maganaɗisu) mai ƙarfin 400 MHz, kuma ina neman DNP, wato dabarar ƙara ƙarfin siginar NMR da maikurowef, ya ɗaga mini sigina. Na jiƙa garin da haɗin da aka saba, wato gilisarol mai diyutiriyam (haidirojin mai nauyi) kashi 60, ruwa mai nauyi kashi 30, ruwan yau da kullum kashi 10, tare da AMUPol, wato radikal (sinadari mai ilektoron marar abokin haɗi) da ke narkewa a ruwa, amma ƙarin da na samu bai taka kara ya karya ba. Shin matsalar daga ruwan take?

Malama daga Zahran: Wa alaikumus salam, ɗana. Haɗin naka ya fi dacewa da furotin da abubuwan da ke son ruwa. Garinka kuwa yana gudun ruwa, don haka radikal ɗin ba ya shiga ƙananan ramukan silikar, balle ya kusanci wurin da kake son gani. Ka koma ga ruwan narkarwa na TCE (tetrakloroitan) da radikal ɗin TEKPol kimanin milimol 16 a kowace lita, ka ɗiga shi kaɗan-kaɗan har garin ya yi laima kamar na dambu, kada ya zama kunu. Abin da ake nema shi ne ruwan ya daskare kamar gilashi a wajen 100 K (kimanin digiri 173 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos), domin idan ya yi ƙanƙara mai tsari, radikal ɗin zai dunƙule wuri guda, sai ƙarfin da maikurowef na 263 GHz ya ɗebo daga ilektoron ɗin radikal ya kasa yaɗuwa cikin samfurin.

Mai kula da na'ura, Thuwal: Na goyi bayan Malama, sai dai TCE yana riƙe iskar oksijin, ita kuwa tana cin ƙarin. Ka daskarar da samfurin ka narkar da shi sau da yawa a cikin na'urar kafin ka fara awo. Ka kuma tuna cewa TCE yana da nasa layin siginar kabon-13 kusa da 74 ppm a ma'aunin NMR, kuma guba ne, a ƙarƙashin mazuƙar iska ake taɓa shi.

Ɗalibi daga Jidda: Allah ya saka da alheri. To da me zan kwatanta haɗin biyu?

Malama daga Zahran: Kada ka dogara da ninkin da kake gani tsakanin kunna maikurowef da kashe shi, domin radikal yana rage siginar asali tun kafin a kunna. Ka auna tsayin sigina a kan hayaniya cikin lokaci iri ɗaya, da nauyin gari iri ɗaya.