Neman kalmar Hausa: me za mu kira ɗauko labarin X-Men daga mujalla zuwa katun da fim?

Bilkisu:
Assalamu alaikum malamaina. Ina rubuta shirin matasa wanda za a watsa a rediyo ranar Asabar, kuma wajibi ne in miƙa rubutun ga shugaban sashenmu kafin la'asar ta Alhamis. Shirin zai yi magana ne a kan X-Men, ƙungiyar nan ta masu ƙarfi na musamman da Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro wa kamfanin Marvel a Amurka a shekarar 1963, da yadda labarinsu ya fita daga mujallar zane ya zama katun na talabijin a 1992, ya shiga wasannin bidiyo, sannan ya zama fim a shekarar 2000. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini. Ta farko ita ce wadda Turawa ke cewa "adaptation", wato a ɗauko labari daga wata kafa a sake gina shi a wata kafar. Ta biyu ita ce "mutant", sunan da ake kiran waɗannan mutane da shi saboda an haife su da wani sauyi a ƙwayoyin halittarsu. Ina neman kalmomin da mai sauraro zai gane da jin farko, ba sai na tsaya dogon bayani ba.

Malam Isiyaku:
Wa alaikumus salam. Kalmar farko ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin adabi, domin "baddalawa" muke cewa, kuma ɗalibai sun sha amfani da ita a kundayensu idan suna magana a kan yadda aka baddala littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim ɗin da Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976. Abin da zan gargaɗe ki a kai shi ne kada ki ce fassara, saboda da mujallar da katun ɗin da fim ɗin duk da Ingilishi aka yi su, harshe bai sauya ba, kafar isar da labarin ce ta sauya.

Yaya Habu:
Ƙanwata, mu da muke harkar fim ba mu cika neman suna ga wannan aiki ba, cewa kawai muke yi an mayar da littafi fim. Akwai "wanki" da ake faɗa idan an ɗauko labarin fim ɗin Indiya an sake yin sa da Hausa, amma ba zai dace a nan ba, domin kalmar tana ɗauke da zargin ɗauka ba da izini ba, alhali kamfanin 20th Century Fox sayen haƙƙin yin fim ɗin ya yi daga hannun Marvel tun a shekarun 1990, ya kuma riƙe shi har zuwa 2019 da Disney ta saye Fox ɗin. Ki kuma kula da kalmar "jarumi", domin a yau idan kika faɗe ta, ɗan wasa matasa za su ɗauka kina nufi, wato Hugh Jackman, ba Wolverine ɗin da yake fitowa a matsayinsa ba.

Malam Garba:
Ina girmama ilimin Malam Isiyaku, amma "baddalawa" Larabci ne da aka sanya wa ɗafa-ƙeyar Hausa, kuma ma'anarta musanyawa ce, a ajiye wani abu a ɗauki wani. Shin an ajiye mujallar X-Men ne da aka yi fim? Har yau ana buga ta. Kalmar da na daɗe ina kira a yi amfani da ita ita ce "dashe". Mai lambu yakan cire irin tumatir daga inda ya yafa shi ya dasa a wata ƙasa, saiwa ɗaya ce, amma girman da zai yi da 'ya'yan da zai bayar sun danganta da sabon wurin. Ku dubi labarin da ake kira Days of Future Past, wanda Chris Claremont da John Byrne suka yi a 1981 a fitowa ta 141 da ta 142 ta mujallar Uncanny X-Men. A mujallar, Kitty Pryde, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ita ce aka mayar da hankalinta baya daga shekarar 2013 domin ta hana wani kisa da zai jawo a saki mutum-mutumin Sentinel, masu farautar irin waɗannan mutane, su mamaye ƙasa. Da aka dasa labarin a katun, wani mai irin wannan ƙarfi da ake kira Bishop ne ya yi tafiyar. Da aka dasa shi a fim a 2014, Wolverine aka tura zuwa 1973, saboda shi ne wanda masu kallon silima suka fi sani. Saiwar ba ta sauya ba a duka ukun. Ki ce "dashen labari", Malama Bilkisu, babu Bahaushen da zai tambaye ki ma'anarsa.

Malam Isiyaku:
Malam Garba, idan za mu kori kalma saboda asalinta Larabci ne, to sai mu fara da littafi da labari da mujalla da hankali, waɗanda duk ka yi amfani da su ko ma'anarsu a maganarka ta yanzu. Kuma misalin da ka kawo ya fi goyon bayana, domin an musanya Kitty Pryde da Bishop, aka musanya Bishop da Wolverine, wannan kuwa shi ne baddalawa. Ka ƙara da suturarsu: a mujalla da katun Wolverine yana sanye da kaya ruwan ɗorawa da shuɗi, amma mai ba da umarni Bryan Singer ya sa wa ƙungiyar gaba ɗaya baƙaƙen kayan fata a fim ɗin 2000. Wolverine na mujalla gajere ne, wanda ya fito a fim dogo ne. Rogue ta katun babbar mace ce mai tashi sama, ta fim yarinya ce da ta gudu daga gida cikin tsoro. Mai dashe ba ya sauya wa shuka ganye da hannunsa, su kuwa waɗannan da gangan suka zauna suka sauya.

Malam Garba:
Ban ce a kori Larabci ba. Cewa na yi idan akwai kalmar gida da ta isa, ba a tsallake ta a je aro. Matsalarmu ita ce duk kalmar da ba ta fito daga ɗakin taron jami'a ba, ana yi mata kallon ta 'yan kasuwa. Mutum nawa ne a cikin masu sauraron shirin matasa suka taɓa buɗe kundin digiri?

Hajiya Rabi:
Ni malamar firamare ce, kuma na karanta wa 'ya'yana kalmomin biyu ba tare da na yi musu bayani ba. Da na ce "dashen X-Men", babbar ta tambaye ni ko dashen ƙoda aka yi musu, domin a yau a asibiti aka fi jin kalmar. Da na ce "baddala X-Men", sun yi shiru. Ina ganin kowace daga cikinsu tana buƙatar jimla ɗaya ta bayani, don haka kada a ce wata ta fi wata sauƙi.

Ɗan Damagaram:
Ina so in tuna wa malamai cewa zangon rediyo ba ya tsayawa a iyaka. A Damagaram da Maraɗi ana jin tashoshin Najeriya, kuma yaranmu da Faransanci suka fara kallon waɗannan finafinai. Kullum sai a zauna a Kano ko Zariya a yanke kalma, sannan a ce ita ce Hausa, ba a tambayi kowa a wannan ɓangaren ba. Ni "dashe" ta fi kwanta mini, domin manomin Matamaye da na Ɗanbatta duk sun san ta, amma abin da ya fi damuna shi ne a riƙa shawara da mu.

Malam Isiyaku:
Ranka ya daɗe, daidaita rubutun Hausa ma tare da masanan Nijar aka yi shi, an yi taro a Yamai a 1980 domin haka. Ba a rufe wa kowa ƙofa ba. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne kowane malami ya zo da kalmarsa, har ɗalibi ya rasa wadda zai rubuta a jarrabawa.

Bilkisu:
Malamaina, ina roƙonku mu dawo kan kalma ta biyu, domin ita ce zuciyar labarin, kuma har yanzu babu wanda ya taɓa ta.

Yaya Habu:
"Rikiɗaɗɗu" ce ta fara zuwa bakina, kuma lokacin annobar korona mun ji ana cewa ƙwayar cutar ta rikiɗe. Sai dai idan aka ce mutum rikiɗaɗɗe ne, Bahaushe zai tuna da masu zama kura da dare ne. A cikin sanannunsu Mystique ce ke sauya kama yadda take so, amma Cyclops haske ne ke fita daga idanunsa, Farfesa Xavier kuma, shugaban ƙungiyar, tunanin mutane yake karantawa, babu wanda ya rikiɗe a cikinsu.

Hajiya Rabi:
Me zai hana a ce "masu baiwa"? Da ita aka haife su, ba koyo suka yi ba, kuma takan bayyana ne lokacin balaga.

Malam Isiyaku:
Hajiya, kalmar tana da kyau, amma kyan nata ne matsalar. Makarantar da Xavier ya buɗe a jihar New York sunanta makarantar yara masu baiwa, kuma an zaɓi sunan ne domin a ɓoye wa jama'a ko su wane ne ɗaliban. Idan muka kira su masu baiwa tun farko, ɓoyewar ta tashi a banza. Bayan haka, kalmar Ingilishin tana fita daga bakin maƙiyansu a matsayin zagi, tana kuma fita daga bakin Magneto, babban abokin hamayyar X-Men wanda shi ma irinsu ne, a matsayin alfahari, kuma a kan wannan ja-in-ja aka gina komai. Fim ɗin 2000 ya buɗe ne da Magneto yana yaro a sansanin 'yan Nazi a Poland a 1944, domin mai kallo ya gane dalilin da ya sa ba ya yarda da alkawarin zaman lafiya, sannan aka nuna wani sanata yana neman a yi dokar yi musu rajista. Katun ɗin 1992 ma da batun rajistar ya fara. Ba a yi wa mai baiwa rajista don tsoro. Muna buƙatar kalmar da za ta iya ɗaukar ƙyama da alfahari a lokaci guda. "Hatsabibai" tana da tsoron, amma tana jan hankali zuwa tsafi, alhali labarin ya jingina abin ga gado da ƙwayoyin halitta. "Jirkitattu" zagi ce zalla. Ni zan ce "sauyayyu", tilo "sauyayye" da "sauyayya".

Malam Garba:
A nan ba ni da ja, domin "sauya" Hausa ce tsantsa, kuma ginin kalmar daidai yake da na gyararre da gyararru. Ina dai lura cewa Malam ya samo kalmar gida da ya nema, abin da nake cewa a yi wa ta farko ke nan.

Ɗan Damagaram:
"Sauyayya" a rediyo za ta yi kama da "soyayya", musamman idan aka zo kan Storm, wato Ororo Munroe, wadda aka shigo da ita ƙungiyar a 1975, mahaifiyarta 'yar Kenya ce, ta kuma tashi a titunan Alƙahira. Ita ce matasanmu za su fi son jin labarinta, kuma za a ambace ta da kalmar mace sau da yawa. A rubuce babu ruɗani, amma shirin nan da kunne za a ji shi.

Malam Isiyaku:
Wannan gaskiya ne. Ana iya kauce wa tilon mace a ce "ɗaya daga cikin sauyayyu", ko da yake hakan zai tsawaita jimla.

Bilkisu:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ga abin da zan yi saboda ƙurewar lokaci. A farkon shirin zan ce an "baddala" labarin, in bi shi nan take da cewa wato an ɗauko shi daga mujalla an sake gina shi, daga nan kuma zan bi shawarar Yaya Habu in riƙa cewa an mayar da shi katun, an mayar da shi fim, an mayar da shi wasan bidiyo irin wanda kamfanin Konami ya fitar a 1992. Zan yi amfani da hoton dashe na Malam Garba sau ɗaya a wurin Days of Future Past. Game da kalma ta biyu, zan ce "sauyayyu" a jam'i kawai, Storm kuwa zan kira ta da sunanta.

Malam Garba:
Shirinki ne, Malama, kuma ba zan hana ki ba. Ban janye ba, domin ina da yaƙinin cewa "dashe" ta fi, kuma ita zan ci gaba da koya wa ɗalibaina. Ina roƙon abu ɗaya: idan masu sauraro suka bugo waya bayan shirin, ki rubuta kalmar da suka maimaita da bakinsu ki kawo mana nan. Kuma har yanzu ba mu ce komai ba a kan ita kanta mujallar, domin na ji wasu suna cewa "littafin barkwanci", alhali labarin da fim ɗinsa ya fara da sansanin 'yan Nazi ba abin dariya ba ne.