Tafiya Istanbul: a wane filin jirgi zan sauka?

Ɗan Kasuwar Katsina:
Salamu alaikum. Zan je sarin kaya a unguwar Laleli. Tikitin sauka a filin jirgin Sabiha Gökçen ya fi araha, amma ta ina aka fi saurin shiga gari?

Alhaji na Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, Laleli tana ɓangaren Turai, Sabiha kuwa tana Asiya. Daga can za ka hau jirgin ƙasa M4 zuwa Ayrılık Çeşmesi, ka canza zuwa jirgin Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku, ka sauka Yenikapı. Idan jakarka ɗaya ce babu damuwa. Da manyan akwatuna kuwa, canjin nan zai gajiyar da kai, taksi kuma cunkoson gada zai cinye rarar kuɗin tikitin.

Hajiya daga Daura:
Babban filin Istanbul ya fi maka. Bas ɗin Havaist na kai mutum Aksaray kai tsaye, kaya a ƙasan mota, Laleli kuma tafiyar ƙafa ce. Jirgin ƙasa M11 ya fi sauri, amma tashar Gayrettepe tana da zurfi, sai ka yi doguwar tafiya kafin ka canza zuwa jirgin M2. Ka sayi Istanbulkart, katin biyan kuɗin jirgin ƙasa da bas, tun a filin jirgi.

Ɗan Kasuwar Katsina:
Na gode, Allah ya saka da alheri.