Sanyi ya shigo, amma kiyashi da sauro sun ƙi barin gida

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Masana a taimaka don Allah. Ana cewa sanyi na kashe ƙwari, to me ya sa da gari ya yi sanyi sai kiyashi su ja layi a kicin da banɗaki, sauro kuma bai fasa kuka a kunne ba? A fesa magani yau, jibi sun dawo. Ina mafita?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ɗumi da ruwa suka shigo nema, kuma feshi ba ya kai wa ga tushensu. Waɗanda kike gani a layi 'yan neman abinci ne kawai, sarauniya da ƙwai suna can cikin tsagar bango ko ƙarƙashin tayil. Akwai ma wani irin ƙananan kiyashi da in sun sha feshi sai gidansu ya dare biyu ko uku, kowanne da sarauniyarsa.

Abin da ke aiki guba ce mai jinkiri da za su ɗauka su kai gida da kansu. Ki narkar da farin garin sinadarin da ake kira boric acid gram 5 da sukari babban cokali 10 a ruwan ɗumi rabin lita. Ki jiƙa auduga, ki sa a ƙaramar roba mai murfi da aka huda 'yan ramuka, ki ajiye a gefen layinsu. Kada ki ƙara garin don a gama da wuri. In haɗin ya yi ƙarfi a hanya za su mutu, sarauniya ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Kwanakin farko za ki ga sun ƙaru har sun yi baƙi a bakin robar, ki daure, kada ki fesa komai a wurin. Ki sake audugar duk lokacin da ta bushe. A ba shi sati biyu zuwa huɗu. In sun wuce ba su kula zaƙin ba, masu son maiƙo ne, sai a cuɗa garin kaɗan da abu mai maiƙo. A ɓoye wa yara da dabbobi, a kuma rubuta a jikin kwalbar cewa guba ce.

Hajiya Rabi:
Ga na sauro kuma. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Sanyi yana jinkirta wannan, ba ya tsayar da shi sai ma'aunin zafi ya sauka wajen digiri 10 na Celsius, kuma cikin gida ba kasafai yake kaiwa nan ba. Matan sauron gida, wato Culex, sai su lafe a sito, ƙarƙashin gado, bayan labule da cikin magudanar ruwa, su fito in ɗaki ya ɗumama.

Ki zagaya gidan sau ɗaya a sati: tsohuwar taya, farantin ƙasan tukunyar fulawa, tiren bayan firij, kwanon ruwan kaji. Zubarwa kaɗai ba ta isa ba. Wani irin sauro da ake kira Aedes a jikin mazubi yake manna ƙwansa, dab da saman ruwa, ƙwan kuma yana yin watanni a bushe ya ƙyanƙyashe da zarar ruwa ya taɓa shi. Saboda haka a goge cikin da burushi da sabulu. Inda aka fi mantawa shi ne sokawe: a ɗaura raga a bakin bututun iskarta, a liƙe duk tsagar da ke murfin da siminti. Ruwan da ba ya zubuwa, a jefa masa maganin Bti, tsutsar sauro yake kashewa, ba ya cutar da mutum ko kifi, ƙwaya ɗaya na kai wata guda.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Malam, yaushe zan toshe ramukan da suke fitowa, yanzu ko daga baya?

Malam Habibu:
Daga baya. In kin toshe yanzu kin raba su da gubar, wata ƙofar za su ɓullo. Sai layin ya ɗauke na sati guda, sannan ki goge hanyar da ruwan sabulu don ƙanshin da suke bi ya gushe, ki cike tsagar da silikon, wato gam ɗin toshe tsaga. A gyara famfo mai ɗiga, a datse reshen da ke taɓa bango, a ɗaga itace daga jikin gini.

Abu Sadik:
Ƙari kan maganar Hajiya. Lokacin sanyi ana rufe tagogi ruf, to ba lokacin kunna maganin sauro mai hayaƙi a kwana da shi ba ne, balle ɗakin mai asma ko jariri. Maganin ƙwarin gona kuwa ko kusa kada a fesa a ɗaki. Kada a naɗe gidan sauro don an ga sun ragu, a dai ɗinke hujinsa, in an wanke a shanya a inuwa. Ragar taga kuma a duba gefe-gefenta, nan take fara ɗagowa.