An yi wa ƙanwata aikin maƙoƙo, an sallame mu babu antibayotik

Daga Jidda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya aka yi wa ƙanwata aikin maƙoƙo, yau aka sallame mu da Panadol da ƙwayar kalsiyam kawai. Hankalin Hajiyarmu ya tashi, tana cewa yaya za a yanka wuyan mutum a bar shi ya tafi gida haka. Waɗanda aka yi wa, yaya aka yi da ku?

Daga Makka: Wa'alaikumussalam. Allah Ya ba ta lafiya. Ni ma haka aka yi mini bara, har na sa Baban yara ya je kemis neman antibayotik, wato mudad kamar yadda ake ce masa a nan. Suka ce sai da takardar likita, tun 2018 aka tsaurara wannan doka. Da na koma, likitan ya zaunar da ni ya ce aiki ne mai tsabta, ba a buɗe hanji ko maƙogwaro, ga jini na gudana sosai a wuya, shi ya sa da wuya ɗinkin ya ruɓa. Nawa ya warke sumul. Mayafi mai kauri kawai na daina naɗawa, saboda zufa.

Daga Madina: Nawa ya bambanta, Yaya. Ina da ciwon suga, kuma aikin ya yi tsawo har an sa mini robar fitar da ruwa. Allurar antibayotik ɗaya aka yi mini dab da shiga tiyata. Kwana 5 bayan nan gefen ɗinkin ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, na ga mugunya a jikin bandeji. Sai a lokacin aka rubuta mini magani, aka kuma matsa mini kan sugan.

Ma'aikaciyar jinya, Riyad: Ku kwantar wa Hajiya hankali. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ci gaba da antibayotik bayan tiyata da sunan rigakafi, ƙwayoyin cuta ne ke sabawa da shi. Abin da nake so ku sa wa ido: in wuyan ya kumbura nan take, numfashi na yi mata wuya, jini ne ya taru, a garzaya asibiti ko tsakar dare ne. In leɓenta da yatsunta na tsikari, kalsiyam ne ya sauka, ku kira likitanta.

Daga Jidda: Na gode ƙwarai. Na karanta wa Hajiya. Yanzu na duba ɗinkin, a bushe yake, ranar Lahadi za mu koma.